Yadda Shayin Indiya Ya Raba Ni Da Kofina

Ni dai bakina ne matsalata, kuma ban gano haka ba sai da na haura shekara hamsin, na je Indiya na dawo.

Ba yawon buɗe ido na je ba. Yayana ne gwiwarsa ta ƙi, aka ce sai an sa masa ta ƙarfe, dangi suka zauna suka ce tunda ni ne malamin makaranta mai Turanci a gidan, ni zan raka shi. Mako uku muka yi. A mako ukun nan ban ga komai na Indiya ba sai asibiti da ƙofar asibiti. To amma a ƙofar akwai wani siririn mutum mai gashin baki da ke dafa shayi a tukunya, kuma shi ba ya tafasa ruwa daban ya zuba madara daban yadda muke yi. Madarar yake dafawa gaba ɗaya da ganyen, ya daka ɗanyar citta ya watsa, ya jefa kanumfari da kirfa da wasu 'yan koren ƙwayoyi masu ƙamshi. Sai ya bar ta ta taso har bakin tukunya, ya ɗaga, ta koma, ya mayar, ta sake tasowa, har sau uku. Daga nan ya tace maka a wani ɗan kofin ƙasa da bai kai dunƙulen hannu ba. In ka shanye sai ka jefar da kofin ya fashe, ka yi tafiyarka. Ranar farko ni wanke nawa na yi na mayar masa, ya yi ta dariya har da riƙe ciki.

Shayin yana da daɗi, wannan ko yanzu ba zan janye ba. Ranar da za mu taho mutumin ya ƙunsa mini koren ƙwayoyin nan a takarda, na sa a aljihun ciki tare da fasfo.

A Haɗeja kuwa ina da nawa mai shayin. Teburinsa yana ƙarƙashin wata darbejiya a kan hanyar da ke gangarawa kasuwar kifi. Dattijo ne, ya girme ni nesa, Baba muke ce masa. Shekara goma sha bakwai kullum bayan sallar asuba a wurinsa nake karyawa kafin in wuce makaranta. Masu wucewa, irin direbobi da masu lodin kifi, a kofunan roba yake ba su, waɗanda ke jiƙe a bokiti. Amma a jikin katakon teburin akwai ƙusa uku, kowace da kofinta. Ɗaya na wani tsohon malamin asibiti ne, mutumin Filato, wanda ya yi shekara talatin a garin nan har Hausarsa ta fi tawa kaifi, muna ce masa Likita. Ɗaya na wani dillalin kifi ne daga Kirikasamma, kofin da girmansa ya kusa moɗa. Na ukun nawa ne, na silba, gefensa a lotse tun ranar da akuya ta ture teburin. Baba ba ya jira in yi magana. Da ya ji ƙarar babur ɗina daga kwana zai sauko da kofin. Sukari cokali biyu yake sa mini a da, sai ya koma ɗaya da rabi tun da maiɗakina ta aika masa saƙo a ɓoye, kuma ni da shi ba mu taɓa tayar da zancen ba.

Da na dawo na raba tsaraba kamar wanda ya zo daga Hajji. Maiɗakina ta samu zannuwa, Inna ta samu mayafi, shugaban makaranta turare, har mai gadin makaranta sai da ya samu man zafi. Washegari na je teburi. Baba ya sauko da kofina ya ce, “Malam, sannu da hanya. Ya mai jiki?” Na ce da sauƙi, na wuce kai tsaye zuwa labarin shayi. Na ba da shi ranar farko, na maimaita rana ta biyu da ƙari. Rana ta uku na kurɓi abin da ke kofina, na yamutsa fuska, Shaiɗan ya zauna mini a harshe.

Na ce, “Baba, ka yi haƙuri fa, amma wannan abin da muke sha shekara da shekaru ba shayi ba ne. Ruwan zafi ne aka gifta masa ganye.”

Likita ya yi tarin da babu shi. Dillali ya ƙura wa burodinsa ido. Baba ya ce, “To,” ya ɗauki tsumma ya goge inda babu datti. Ni kuma na hau babur ina jin na faɗi magana mai ma'ana.

Washegari na yi kwana, na kashe babur, na zauna. Baba ya sa hannu a bokiti ya ciro wani koren kofin roba wanda wani ya taɓa tauna mariƙinsa, ya ajiye a gabana.

Ya ce, “Yallaɓai, sukari cokali nawa?”

Wallahi da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Shekara goma sha bakwai ina Malam, yau na zama Yallaɓai, kamar wani baƙon da ya sauka daga motar Kano. Ga kofina can a ƙusa, yana kallona ina kallonsa. Na ce ɗaya da rabi, murya can ƙasa. Ya ce, “Ɗaya da rabi,” kamar yau ya fara jin lissafin.

Na koma gida raina a ɓace na gaya wa maiɗakina. Ta ce, “Malam, ka je ka ba shi haƙuri mana.” Na ce haƙurin me, don na faɗi gaskiya? Ai abin da ya kamata shi ne in dafa shayin nan da hannuna, in kai masa ya ɗanɗana. In ya ji da harshensa zai gane ba cin fuska na yi ba, ya sauko mini da kofina. Ta dube ni, ta ce, “Allah ya ba da sa'a.” Na ce kuma kada wanda ya sa mini baki ko hannu, don ni kaɗai na ga yadda ake yi. Ta ce ta ji. Ashe jin da ta yi har da ajiya.

Matsala ta farko madara ce. Damina ta yi nisa, ruwa ya cika fadama, Fulani sun kora shanu tudu can wajen Malam Madori. Da ƙyar na shawo kan Bafillatanar da ke kawo nono layinmu ta zo mini da madarar safe, wadda ba ta kwana ba. Ta kawo da sassafe, na rufe ƙwaryar da faifai na ajiye a rumfa, na tafi makaranta. Na manta da Inna, mahaifiyata, wadda ke zaune tare da mu. Inna tun tana yarinya a ƙauyenmu ba ta taɓa ganin madara a ƙwarya ta wuce ba tare da ta ɗiga mata tsohon nono ba, don ta kama ta yi tsami kada ta lalace. Ba ta tambayi kowa ba, kamar yadda ba a tambaya kafin a kori kaza daga kan shanya.

Da la'asar na tuɓe babbar riga na shiga madafi, wurin da rabona da shi tun ina gwauro. Maiɗakina ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna a inuwa, ta ɗora haɓa a hannu. Na juye madara a tukunya, na zuba ganye, na tsaya da ludayi. Maimakon ta taso sai ta tsinke. Wasu fararen gudaje suka riƙa iyo a cikin jan ruwa. Na juya, suka ƙaru. Na ƙara wuta, suka haɗe.

Maiɗakina ta leƙo ta ce, “Ashe cuku Indiyawan ke sha.”

Inna kuma daga ɗaki ta ce ita taimakona ta yi, kuma in ba a so a daina ajiye ƙwarya a hanya. Ba a mayar wa uwa magana, don haka tukunyar na harara.

Karo na biyu na ɓoye madarar a ɗakina, na kulle, na tafi da makulli. Na biya kasuwa na sayo citta da kanumfari da kirfa da masoro, na ɓare uku daga koren ƙwayoyina, ina ƙirga su kamar zinare. Ana bukatar a daka. Na duba tsakar gida na ga wani ɗan ƙaramin turmi a jingine, daidai hannu, na ce Allah ya kawo sauƙi. Na daka, na zuba, madara ta taso sau uku yadda ake so, launin ya fito sak. Na tace a kofi ina murmushi. Tun kafin ya kai bakina hancina ya ba ni labari. Turmin daddawa da yaji ne. Abin da na dafa, da za a kaɗa masa kuka, da an ci tuwo da shi.

Na ce da maiɗakina, “Kina kallo na ɗauki turmin nan.”

Ta ce, “Ina kallo. Ka ce kada a sa maka baki.”

Don kada a ce na kasa, sai da na yi kurɓi biyu a gabanta, na ce ai akwai yankin Indiya da haka suke sha. Atishawa ta ƙaryata ni sau shida a jere. Inna ta ce kada a zubar, a ajiye mata, ko za ta gwada da ɗumamen safe.

Duk wannan lokacin ban daina zuwa teburi ba. Kullum koren kofi, kullum Yallaɓai, kullum cokali nawa. Dillali in ya sauke moɗarsa daga ƙusa sai ya yi ta juya ta a gabana yana yaba ta. Abin yana ci mini rai fiye da yadda zan iya faɗa. Mutum da girmansa, da furfura a gemu, yana kwana da tunanin kofi.

Karo na uku na sayi sabon turmi, na sake samun madara, na kafa murhu a tsakar gida. Komai ya tafi daidai. Madara ta fara kumfa a gefe, alamar tasowar farko, sai aka yi sallama a ƙofa. Wani dattijon unguwarmu ne, abokin marigayi babanmu, ya zo duba jikin yayana ta bakina. To ka gaya mini, wane ɗan halak ne zai ce da irin wannan mutum ya jira madara? Na fita zaure na durƙusa. Ya tambayi gajiyar hanya, na ce babu gajiya. Ya tambayi mai jiki, da iyalin mai jiki, da Inna, da yara ɗaya bayan ɗaya. Ya tambayi ruwa, na ce ya yi gyara. Daga cikin gida na fara jin wani cuuu, ina amsa “lafiya lau” ina jin shayina yana kashe wuta. Ya tambayi shinkafarmu ta fadama ko ruwa ya haye ta. Ya tambayi makaranta. Da ya zo ƙarshe sai ya ga kamar ya yi sauri, ya sake ɗaukowa daga gajiya. Can ya ɗaga hanci ya ce, “Ko babbaka ake yi a gidan?” Da na koma ciki na tarar da maiɗakina tsaye a kan tukunyar, hannayenta a goye a baya, tana kallon madarar tana ƙonewa cikin biyayya.

A karo na huɗu ne Allah ya dube ni. Na sa aka ce ba na nan, na tsaya a kan tukunya ko ƙiftawa ba na yi. Shayi ya fito. Ƙamshin ya cika gidan har maƙwabta suka aiko tambaya. Maiɗakina ta kurɓa ta ce, “Ba laifi,” ta miƙo kofi a ƙara mata. Da a nan na tsaya da abin ya zo da sauƙi. Amma kaina ya kumbura, na ce shayin Indiya ba ya cika sai a kofin ƙasa. Na hau babur har bayan gari wurin wata tsohuwa mai ginin tukwane, na kwatanta mata da hannu. Ta tambaya ko na ruwan kaji ne, na ce na mutane ne. Ta gina mini guda goma, masu kauri kamar kaskon turaren wuta, don ita a iya saninta abin da aka gina don ya daɗe ake gina shi.

Ranar Asabar da safe na cika filas, na zuba kofunan a jaka, na nufi teburi. Wurin a cike yake, motoci biyu suna lodin busasshen kifi, direbobi da yaran mota duk suna kan benci, mai ƙosai tana suya a gefe. Na dire filas a kan teburin Baba. Sai daga baya na yi tunanin abin da ake nufi da mutum ya kawo shayi teburin mai shayi, amma a lokacin ji nake kamar na kawo wa garin wutar lantarki. Na zuba wa Likita, na zuba wa dillali, na zuba wa direbobi biyu, na miƙa wa Baba nasa. Ya karɓa da hannu biyu, ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye. Dillali ya ce a ƙara sukari.

Na shanye nawa na miƙe na ce, “Saura abu ɗaya. Ga yadda ake ƙarasawa.”

Na ɗaga kofin na buga da ƙasa a gaban teburin, daidai ƙafar Baba. Bai fashe ba. Tsohuwar nan ta iya aikinta. Ya yi tsalle ya gangara ƙarƙashin benci. Na sunkuya na ɗauko, na sake bugawa da ƙarfi, ina gunaguni ƙasa-ƙasa don haushi. Ya sake gangarawa. A na ukun ne na haɗa da duk ƙarfina, ya tarwatse.

Na ɗago ina haki, na ga kowa ya daina tauna. Sai a lokacin na ga abin da su suka gani. Mutum ya je Indiya, ƙasar da kowa a nan ya yarda ita ce gidan sihiri. Ya dawo ya samu saɓani da mai sana'a. Ya zo da sassafe da wani ruwa mai ƙamshin da ba a saba ba, ya shayar da mutane a sababbin ƙananan tukwane, sannan ya fasa ɗaya a ƙofar sana'ar, sau uku, yana motsa baki. A garinmu ko yaron goye ya san sunan wannan aiki.

Mai ƙosai ta yi a'uziyya ta ja kaskonta gaba. Direba ɗaya ya tofar da abin da ke bakinsa. Dillali ya dubi kofin da ke hannunsa ya dube ni, ya ce, “Malam, tsakaninka da Allah, me ka ba mu?” Na fara bayani cewa haka ake yi a can, kowa fasawa yake yi, amma ina cewa “a can” sai abin ya ƙara muni. Kafin minti biyar benci ya zama wayam. Baba ya ɗauko tsintsiya ya share gutsattsarin da kansa, ya kwashe ya kai bola. Ko kallona bai yi ba.

Kwana uku ban fita teburi ba. Labari yana zuwa mini har gida, cewa malamin makaranta ya koyo asiri a Indiya ya ɗaure kasuwar mai shayi, kuma alama ta nuna ya kama, tunda mutane sun daina zama. Wato tsoron asirin ne ya yi aikin asirin. Yanzu ba kofina kaɗai na rasa ba, na taɓa abincin bawan Allah.

Ranar Talata da la'asar Likita ya zo gidana. Bai yarda ya shiga ba, a dakali muka zauna. Na fara kare kaina, ya ɗaga hannu.

Ya ce, “Malam, ni na yarda ba ka da asiri. Mai asiri yana da dabara. Wani abu zan gaya maka. Mako ukun da ba ka nan, kullum sai Baba ya sauko da kofinka ya wanke ya mayar. Wani direba ya taɓa ɗauka, ya karɓe daga hannunsa. Ranar da aka shiga da yayanka tiyata, ni ya sa na kira gidanka sau biyu, kuma burodin ranar sadaka ya yi da rabinsa.”

Na kawar da kai gefe.

Ya ce, “Na ji har mai gadin makaranta ya samu man zafi. Shi Baba me ka kawo masa?”

Na lalubi kaina kaf, babu. Abin da na kawo masa daga Indiya shi ne maganar ruwan zafi. Kunya ta rufe ni, irin wadda ake ji har a tafin ƙafa. Likita ya tashi ya karkaɗe wandonsa, ya ce in gaida Inna.

Washegari ana sallame asuba na tafi da ƙafa, don kada ƙarar babur ta riga ni. Baba shi kaɗai ne, yana hura gawayi. Na tsuguna na gaishe shi yadda ya kamata in yi tun ranar da na dawo. Na ce, “Baba, na yi wauta, kuma na maimaita ta. Ka yafe mini.” Sannan na ciro takardar nan da sauran koren ƙwayoyin, guda tara suka rage, na ce ga tsarabar da ban kawo ba.

Ya buɗe, ya murje ɗaya da yatsa, ya kai hanci. Ya ce, “Hel ne. Mai kyau kuwa.”

Na ce, “Ka san shi?”

Ya ce, “Ina saurayi na je aikin Hajji na zarce. Shekara huɗu na yi a Jidda a shagon wani Ba'indiye, biyu ina wanke kofi, biyu ina kan tukunya.”

Na ce, “Baba, ban taɓa sani ba.”

Ya ce, “Ba ka taɓa tambaya ba. Kai ai ba da labari kake yi.” Ya ƙara da cewa, “Naka na ranar nan citta ta yi yawa, kuma ka sa ganye da wuri.”

Ya jawo wata 'yar tukunya daga ƙarƙashin teburi, ya fasa gwangwanin madara ya sirka da ruwa, ya daddaka hel uku da gindin cokali, ya ɗan ƙara abin da ya ƙara daga wani ƙunshi. Ina tsugune ina kallo. Madara ta taso, ya ɗaga. Wani mai keke ya wuce ya gaishe shi, Baba ya amsa masa gajiya da iyali da ruwa, idonsa a kan mai keken, hannunsa yana ɗaga tukunya yana mayarwa shi kaɗai. Ko ɗigo bai zuba ba. Na tuna dattijon zaure da tukunyata, na sunkuyar da kai.

Ƙamshin ya bi iska ya gangara. Mai ƙosai ce ta fara matsowa, wai ta zo aron wuta. Sai direban da ya tofar ranar nan, ya tsaya nesa kaɗan yana shaƙa, ya ga Baba ne da kansa a kan tukunya, ya zauna a bakin benci. Na miƙe na yi musu bayanin kofin ƙasa tun daga farko, har da wanda na wanke na mayar, na ce duk wanda ke da shakka ga sauran tara a gida, ya zo ya ɗauka ya ba kajinsa ruwa. Aka yi dariya, kuma ni aka yi wa, na kuwa cancanta.

Na ce, “Baba, ka iya wannan, me ya hana ka yi wa mutane?”

Ya ce, “Wanda zai ja motar kifi har kudu ba ya son ɗan kofi kamar na kwalli. So yake ya ga kofi ya cika, ya tsoma rabin burodi.”

Likita ya iso ya sauke kofinsa, dillali ma ya iso yana kallona a kaikaice. Baba ya sa hannu a bokiti ya ciro koren kofin nan mai taunannen mariƙi, ya tace shayin Indiya a ciki ya ajiye a gabana. Sai ya juya ya miƙa hannu ƙusa. Ya sauko da kofina, ya hure ƙurar, ya ɗauraye, ya zuba ruwan zafi daga butarsa ta kullum, ya gifta masa ganye, ya sa madara. Sukari ɗaya da rabi, bai tambaya ba. Ya ajiye kusa da koren.

Ya ce, “Malam, na baƙi yana kofin baƙi. Ga naka kuma. Ɗaya zan ba ka, ka zaɓa.”

Ba zan yi ƙarya ba, na koren kofin ya fi ƙamshi, ya fi wanda na sha a ƙofar asibiti, ya fi nawa nesa ba kusa ba. Na dube shi sau ɗaya. Na sa hannu na ɗauki na silbar, babban yatsana ya faɗa cikin lotsawar nan inda ya saba zama. Dillali bai jira an yi masa tayi ba, ya janye koren ya juye a moɗarsa, ya kurɓa, ya ce a ƙara sukari.

Na kurɓi nawa, idona ya kawo ruwa. Na goge da hannun riga na ce citta ce.

Likita ya ce, “Babu citta a naka, Malam.”

Baba ya yanko burodi ya tura mini, ya ce in yi sauri kada in makara makaranta.